Kwana arba'in a kango: yadda na shigar da tsohuwar akuya cikin garke

Tsohuwar akuya ba ta zuwa kasuwa haka kawai. Mai ita ya ci ribar 'ya'yanta shekara huɗu ko biyar, ya san halinta ciki da waje. In ka ga ya sa mata igiya ya nufi kasuwa, ko dai wata lalurar kuɗi ce ta taso masa, ko kuwa ya ga wani abu a jikinta da bai gamshe shi ba. Daga bakin dillali ba za ka taɓa gane wanne ne cikin biyun ba. Duk da haka muna sayenta, domin uwar da ta riga ta nuna tana haifar tagwaye, tana da nono, tana kuma karɓar 'ya'yanta, ta fi budurwar da ba a san me za ta zama ba. Wadda na sayo a tsakiyar Nuwamba jar akuya ce irin ta Sakkwato, kuma tun kafin in fita gida na riga na shirya inda za ta zauna ita kaɗai na kwana 30. Lissafin bai tsaya a 30 ba, sai da ya kai 40, kamar na mai jego.

Aikin daga kasuwa yake farawa. Kasuwannin da muke ci a nan ƙasar Zazzau, irin su Giwa, Makarfi da Anchau, dabbobin garuruwa barkatai ne ke haɗuwa a cikinsu, hanci da hanci, wuni guda, su sha ruwa a daro ɗaya. Ko akuya ta baro gida lafiya lau, wunin nan kaɗai ya isa ta kwaso abin da ba ta zo da shi ba. Dillalin ya ce mini, "Alhaji, wannan uwar garke ce, ko tari ba ta taɓa yi ba." Na ce, "To Malam, bari mu ga bakinta." Akuya haƙora takwas gare ta a gaba, duka a ƙasa, sama dasashi ne kawai. Manyan haƙora biyu na tsakiya suna maye na nono tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi, daga nan biyu-biyu suke biyowa har takwas ɗin su cika wajen shekara huɗu. Bayan haka sai dai a duba yadda suka cinye da giɓin da ya fara shiga tsakaninsu. Nata takwas ne cif, sun ɗan cinye, babu mai girgiɗi, abin da ya sa na ba ta shekara biyar zuwa shida. Wadda haƙoranta suka fara zubewa ba za ta iya da busasshen abincin rani ba, komai kyawun jikinta a ranar kasuwa.

Daga baki sai hannu ya bi jiki. Akwai wurare huɗu da nake latsawa a kowane gefe: gindin kunne, ƙarƙashin muƙamuƙi, gaban kafaɗa, da kwiɓi gab da cinya. Nan ne mazaunin kaluluwa. Akwai wata akuyar da ta fi wannan kyau da girma a turke ɗaya da ita, amma na tarar da tabo a gindin kunnenta, gashi bai sake tsirowa a wurin ba, na bar ta. Dalilin zai zo a gaba. Na tatsi kowane kan nono a tafin hannu don in ga ko akwai gudaji ko jini, na matsa hantsar in ji ko akwai wani sashe mai tauri kamar dutse, na shafa gwiwoyin gaba, na ɗaga kofato huɗun na shinshina, na ɗaga wutsiya in ga ko kashi ya ɓata cinyoyi. Na kuma tambayi mai ita, ba dillali ba, yaushe ta yaye, kuma ko tana kiwo tare da bunsuru. Ya ce wata biyu ke nan da yaye, kuma a sake suke. Wannan amsar ita ta canza mini maganin tsutsar da na yi niyyar ba ta.

Wurin killacewar kango ne a bayan gida, mita 25 daga rumfar garken, da katanga tsakani. Ba nisan kaɗai ake dubawa ba, har da iska. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka baƙuwa kudu maso yammacin garke ya kamata ta zauna, iskar ta bi ta kan awakin gida kafin ta isa gare ta. Da damina lamarin juyawa yake, ga kuma ruwan da ke gangarowa, wanda dole a tabbata ba daga wajenta yake malalowa zuwa garke ba. Wanda gidansa ba shi da fili, ya roƙi kangon maƙwabci, domin ɗaure ta a turken da ke taku biyar da sauran ba killacewa ba ce, sauya mata wurin kwana ne kawai. Na kafa rumfar zana mai faɗin mita biyu tsawon mita biyu, na tare ɓangaren iska da buhuna, na share ƙasa har ta yi fes, na barbaɗa farar ƙasa. Bokiti nata, kwanon dusa nata, tsintsiya da shebur nata, har da wasu tsofaffin takalman roba da ba sa fita daga kangon. A bakin ƙofa akwai daro da ruwan Hypo, kashi ɗaya cikin goma na ruwa, ana sauya shi kullum, domin da zarar ƙasa da kashi sun shiga ciki ƙarfinsa ya mutu.

Doka ɗaya ce ta fi wuyar kiyayewa: garken gida ake fara yi wa hidima, baƙuwa a ƙarshe, sannan a wanke hannu da sabulu. Yara su ne ke karya ta. Yaro ya ga ragowar harawa a gabanta, ya ga asara ce a zubar, ya kwashe ya kai wa sauran, shi ke nan yawunta da majinarta sun isa inda aka hana ta zuwa. Kaji ma haka, suna tona a wajenta su koma wajen sauran. Na sa ƙyaure da kwaɗo, na riƙe mabuɗin.

Ranar farko ban yi mata komai ba sai ruwa mai tsabta, harawar gyaɗa da inuwa. Ba dusa, ba allura. A nan na saɓa da mutane da yawa. Al'adar da ta yaɗu ita ce da zarar an sauke akuya a tsira mata oksitetrasaikilin "don rigakafi". Wannan allura ba rigakafi ba ce, kuma ba ta taɓa ƙwayar bairos. Abin da take yi shi ne ta danne zazzaɓi da tari na 'yan kwanaki, wato ta rufe maka ido daidai lokacin da kake son gani. Wasu masu sayarwa ma suna yin hakan kwana ɗaya ko biyu kafin kasuwa, shi ya sa akuyar da ka ga tana tsalle ranar ciniki take kwanciya bayan kwana huɗu ko biyar, lokacin da maganin ya saki.

Washegari na ɗora ta a sikelin masu hatsi, na rataye ta cikin buhu da aka huda wa wurin ƙafafu: kilo 30. Kada a yi wasa da wannan matakin, duk wani magani da zai biyo baya a kan nauyi ake lissafa shi, kuma ido yana ƙarya. Na sa safar hannu na ɗebo kashi kai tsaye daga dubura, ƙwaya goma, na ƙulle a leda, na sa cikin kula da ƙanƙara. Wanda ya faɗi ƙasa ya kwana ba ya amfani, ƙwayayen tsutsar sun fara ƙyanƙyashewa. Likitan dabbobi ya ɗebi jini daga jijiyar wuya. A Zariya ba mu da uzuri a wannan fannin, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa a Shika, ga kuma likitoci masu zaman kansu. Daga ranar nake auna zafin jikinta safe da yamma: a shafa wa ma'aunin basilin, a tura a dubura, a jingina shi da bangon hanji ba cikin kashi ba. Lafiyayyar akuya tana tsakanin digiri 38.5 da 39.7. Da asubahin hunturu yakan sauka, da yamma ya ɗan hau, saboda haka lokaci ɗaya nake aunawa kullum, in rubuta a littafi. Ina ƙirga numfashi, 15 zuwa 30 a minti in tana hutawa, ina kuma duba ko tana tuƙa. Akuyar da ta daina tuƙa ta riga ma'aunin ba ka labari.

Abin da ya sa kwana 21 ne mafi ƙarancin da za a yi shi ne cutar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR, 'yar uwar bushiyar shanu da aka sanar da kawar da ita daga duniya a 2011. Ita PPR har yanzu tana nan tare da mu, ko da yake hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke son ganin bayanta. Galibi tana bayyana kwana huɗu zuwa shida bayan kamuwa, amma ƙa'ida ta ba ta har kwana 21. Tana farawa da zazzaɓi mai kai wa 40 zuwa 41, sai kwantsa da majina da ke fara tsinkakke su koma masu kauri har su toshe hanci, sai gyambo a dasashi da harshe da wani wari a baki, sai zawo, sai ciwon huhu. A garken da ba a taɓa yi wa rigakafi ba tana iya kashe takwas ko tara cikin goma. Da hunturu da farkon damina ta fi tashi, da kuma lokacin da dabbobi ke ta kai-komo gabanin babbar salla.

Saboda haka da na auna ta da safiyar kwana na biyar na ga 40.4, ga majina, ga ɗan tari, ta kuma bar rabin harawarta, ban ɗauki abin da sauƙi ba. Na hana kowa shiga, na kira likita. Ya buɗe bakin ya duba dasashi, ƙarƙashin harshe da cikin leɓe: fes, babu gyambo, babu wari. Kashi yana nan ƙwaya-ƙwaya. Ya saurari ƙirji ya ji ƙara a gaban huhu. Ya ce ya fi kama da ciwon huhun da wahalar tafiya, ƙura da sanyin dare ke tayarwa, wanda ƙwayoyinsa dama suna zaune a maƙogwaron dabba suna jiran ta raunana. Yanzu ne allurar ta yi rana: oksitetrasaikilin mai dogon aiki, mai ƙarfin kashi 20 cikin ɗari, mil ɗaya ga kowane kilo 10, wato mil 3 cikin tsoka, aka maimaita bayan kwana uku. Cikin kwana biyu zafin ya sauko 39.3, ta koma cin abinci. Da PPR ce, da gyambon baki da zawo sun biyo baya duk da allurar. Likitan ya ce, "Alhaji, ƙirgenka na baya ya rushe, daga ranar da ta warke za ka fara sabo." Ta warke sarai a kwana na goma. Talatin a kan goma, arba'in ke nan. Akwai kuma wani ciwon huhun awaki mai yaɗuwa da kan ɗauki har mako huɗu kafin ya fito, wanda shi ma dalili ne na kada a tsaya a 21.

Maganar tsutsa ita ce inda na yi kuskuren da ya ci mini mako biyu. Sakamakon kashin farko ya nuna ƙwai 1,800 a kowane giram. Fatar idonta ta ƙasa, da na janyo, ruwan hoda ce mai haske, ba ja ba. Wannan aikin jar tsutsar nan ce mai zama a tumbi na huɗu tana shan jini, wadda macenta ɗaya ke zuba dubban ƙwai a rana, in ta yi yawa har haɓar akuya ta kumbura da ruwa. Abin tsoro a nan ba tsutsar kanta ba ce, kowane garke yana da tasa. Abin tsoro shi ne tsohuwar akuya ta sha magani iri-iri a rayuwarta, sau da yawa ƙasa da ƙima, don haka tsutsar da ta rage a cikinta ita ce wadda ta gagari magani. In ta zuba ƙwayayenta a filinka, ka sayi irin tsutsar da ba ta jin magani, kuma ba a mayar da ita kasuwa.

Albendazol na yi niyya, miligiram 10 ga kowane kilo, wato mil 3 na mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, ko mil 12 na mai kashi 2.5. A lura da wannan bambancin, kwalaben biyu suna kama da juna a shago, kuma da yawa suna ba da awon na farko daga kwalbar na biyu. Amma albendazol yana iya lalata ɗan tayi a cikin kwana 30 zuwa 45 na farkon ciki, ga shi mai ita ya ce a sake take da bunsuru. Sai na ajiye shi na ba ta ibamektin ta baki a kwana na uku, mil 1.2 na mai kashi ɗaya cikin ɗari, ninki biyu na awon tunkiya, domin jikin akuya yana saurin narkar da magani ya fitar. Ana tura bakin sirinjin ne bayan harshe, a hankali, kai a miƙe ba a ɗage sama ba, kada ya bi ta huhu. Bayan kwana 12 na sake kai kashi: 950. Maganin da ya yi aiki ya kamata ya rage ƙwan da kashi 95 cikin ɗari, wannan ko rabi bai cika ba. A kwana na 16 na ba ta lebamisol, miligiram 12 ga kowane kilo, 360 ke nan. Shi wannan ba ya son ganganci, tazarar da ke tsakanin awon magani da awon guba ƙanƙanuwa ce, in ya zarce za ka ga dalala da karkarwa. Gwajin kwana na 25 ya dawo kusan babu komai. Abin da ya kamata in yi tun farko shi ne in haɗa mata magunguna biyu na rukuni dabam-dabam a rana ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da cikakken awonsa, ba a gauraya su a sirinji ɗaya ba. Kashin da ta yi duk tsawon lokacin nan ban kai shi gona ba, a rami na tara shi.

Kaska uku na cire mata a ƙarƙashin wutsiya da tsakanin kofato, ɗaya irin mai zane a baya, wadda ke ɗauko ciwon da ke tara ruwa a jakar zuciya, akuya ta yi ta juyi tana faɗuwa. Na buɗa gashin wuya da gadon baya na ga ƙwarƙwata. Bayan ta warke daga zazzaɓin na yi mata feshi da amitiraz, mil 2 a lita ɗaya ta ruwa kamar yadda takardar kwalbar ta nuna, da tsakar rana domin kada sanyi ya kama ta, na maimaita bayan kwana goma saboda ƙwayayen da suka ƙyanƙyashe daga baya. Kofaton ya yi tsawo ya naɗe, na datse shi da almakashi har tafin ya daidaita, na tsayar da ita minti 15 cikin ruwan zink salfet, kilo ɗaya a lita goma. Babu wari, amma da damina ruɓewar kofato ke nuna kanta, kuma mai ɗauke da ita takan yi rani lafiya.

Galibin waɗannan cututtuka ne masu gaggawa, kwana 30 yana tona asirinsu. Matsalar tsohuwar akuya ita ce masu tafiyar hawainiya, waɗanda za ta gama zaman killacewa ba su ce uffan ba. A kwana na 12 hannuna ya ci karo da wani ƙullutu kamar goro a gefen wuyanta. Abin da ya fara zuwa mini shi ne ciwon marurun kaluluwa, wanda ya sa na bar waccan akuyar mai tabo. Ƙwayarsa takan yi wata biyu zuwa shida a jiki kafin maruru ya fito. Ya girma a hankali ba zafi, gashin kansa ya zube, ya fashe da mugunya mai kauri kamar man goge baki, fara mai ɗan kore, marar wari. Mugunyar nan in ta zuba a ƙasa ko jikin turke ko kwanon abinci, ƙwayar tana rayuwa watanni, ta shiga duk dabbar da ke da ɗan ƙwarzane. Allura ba ta ratsa bangon marurun, kuma ko na waje ya warke akwai na ciki a huhu ko hanta, akuya ta yi ta ramewa ba a san dalili ba. Wurin da ƙullutu yake shi ne rabin amsa. Nata a cikin tsokar wuya yake, daidai inda aka yi allurar farko, ba a mazaunin kaluluwa ba, kuma kullum raguwa yake, har ya ɓace cikin mako biyu. Da a gindin kunne ko gaban kafaɗa yake, da likita zai zuƙo abin da ke ciki da sirinji a kai ɗakin gwaji, kuma in ya tabbata, mahauci ne zai karɓe ta, ba garke ba. Kada a bar irin wannan maruru ya fashe da kansa, kada kuma a matse shi a tsakar gida.

Na biyu cikin masu ɓuya ita ce bakkale, mai sa ɓari a watannin ƙarshen ciki. Ita ce ta fi damuna domin tana kama mutum, ta hanyar ɗanyen nono ko taɓa mabiyiya da ruwan haihuwa da hannu tsirara, ta zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumin dare da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin maleriya ba sauƙi. Jinin da aka ɗiba a rana ta biyu gwajin bakkale da ake kira Ros Bengal aka yi masa, bai nuna komai ba. Na sa aka sake a kwana na 32, domin wadda ta kamu kwanan nan jininta bai riga ya nuna ba. Shi ma lafiya. Akwai kuma ciwon bairos da ke kumbura gwiwa ya sandarar da hantsa, wanda ke bi ta nonon uwa zuwa 'ya'ya, da wani ciwon hanji da ke sa babbar akuya ta rame alhali tana ci. Waɗannan biyun babu maganinsu. Abin da mai kiwo ke da shi a hannu shi ne ya shafa gwiwa, ya matsa hantsa, ya ɗora ta a sikeli duk mako. Tawa ta sauka kilo 29 a makon zazzaɓi, ta koma 30, ta kai 31.5 a ƙarshe. Wadda ke ci da kyau, an kashe mata tsutsa, haƙoranta lafiya, amma nauyi yana ta raguwa, ba ta shiga.

Abinci bai ba ni wahala ba. Harawa da ɓawon wake ta ci har ta ƙoshi, ruwa lita uku zuwa biyar a rana, ɗan gishiri da kanwa a gefe. Dusa kuwa da tafi ɗaya na fara bayan ta warke, ina ƙarawa kaɗan-kaɗan har ta kai giram 300 cikin kwana goma. Wanda ya cika wa baƙuwa kwano da dusa ko masara don tausayi, kumburin ciki da zawo zai jawo mata, sannan ya rasa gane ko cuta ce ta zo da ita.

Rigakafin PPR an yi mata a kwana na 19. Ba a yi wa mai zazzaɓi, kuma ban yarda da cewar mai sayarwa an yi mata ba, maimaitawa ba ta cutarwa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom ce ke yin maganin, daga wani nau'in ƙwayar da aka samo a nan Najeriya a 1975 aka raunana shi. Mil ɗaya ne ƙarƙashin fata, kuma kariyarsa tana kai shekara uku. Rauninsa zafi: dole ya zo cikin ƙanƙara, kuma da zarar an narka shi a yi amfani da shi cikin awa biyu, ragowar a zubar. Kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce, don haka muka haɗu da maƙwabta aka yi rana ɗaya, aka fara da nasu da na gida, aka ƙare da ita da sabuwar allura. Jiki yana bukatar kamar mako uku kafin kariyar ta kankama, wanda ya faɗo daidai kan kwana na 40. Awakin gida da ba a yi musu ba su ma a lokacin ya kamata a yi musu, tun daga 'yan wata huɗu. Mutane suna mantawa cewa hanyar biyu ce: ita ma baƙuwar ba ta saba da cututtukan gidanka ba.

A kwana na 26 na kai mata wani taure daga garken, wanda dama don yanka na ajiye shi. Amfaninsa biyu. Akuya ba ta son kaɗaici, kukan da take yi dare da rana ya tsaya, cin abincinta ya ƙaru. Sannan shi ne ɗan gwaji: in tana ɗauke da abin da ita ta saba da shi ba ya nuna mata, a jikinsa zai fito, kuma asarar taure ɗaya ta fi ta garke sauƙi. Shi ma na riƙa auna shi safe da yamma mako biyu, bai wuce 39.5 ba. Tun daga ranar da ya shiga kangon ya zama baƙo, ba ya komawa sai tare da ita.

Ranar shigarwa ban sake ta cikin rumfa kai tsaye ba. Kwana uku na ɗaure su ita da tauren a bayan shingen waya, suna ganin juna da sauran suna shinshina. A rana ta huɗu na sake su da safe a fili, bayan kowa ya ƙoshi, na ƙara kwanukan abinci biyu nesa da juna. Karo dole ne, tsohuwa ba ta yarda ta zama ta baya, ita kuma uwar garken ba ta sauka. Sun yi ta gwabzawa kusan rabin awa, kai da kai, wannan ba komai. Abin da ake tsaya wa a kai shi ne dukan ciki daga gefe, musamman ga mai ciki, da kuma matse ta a lungu, shi ya sa ba a yin haɗin a ɗaki ko da dare. Mako guda ina raba ta da su in magariba ta yi.

Kangon na kwashe shimfiɗarsa na ƙone, na kankare ƙasar sama na zuba a ramin takin na rufe, na wanke bokiti da kwano da sabulu kafin ruwan Hypo, na bar rana ta gasa wurin. Rumfar ban rushe ta ba. Cikinta ya fito sosai yanzu, lissafin kwana 150 ya nuna wajen Maris za ta haihu, kuma a can za ta haihu, ba cikin garke ba, domin ranar haihuwa ce bakkale da 'yan uwanta ke zubo ƙwayoyinsu. Safar hannu tana rataye a jikin zana, ramin binne mabiyiya mai zurfin mita ɗaya na riga na haƙa, kuma in ɓari ya zo, ɗan tayin da mabiyiyar cikin leda da ƙanƙara za su tafi Samaru. Kafin nan, duk ranar Juma'a da safe ina latsa wuraren nan huɗu a kowane gefe, har wata shida su cika.